Gajiyar ido daga kallon salula da kwamfuta: abin da ke jawo ta, da iyakar abin da abinci zai iya yi

Ƙorafin iri ɗaya ne a bakin mutane daban-daban a Damagaram. Ɗalibin Jami'ar André Salifou da ke karanta darussansa a salula, ma'aikacin shagon aika kuɗi a Kasuwar Dole, sakatariyar ofis, telan da ke duba samfurin ɗinki a WhatsApp har tsakar dare, duk abin da suke faɗa ke nan: ido na yaji, ana jin tsakuwa a ciki, da la'asar rubutu ya fara dishi-dishi, goshi ya yi nauyi, wuya da kafaɗa su riƙe. Shawarar da aka fi ba su kuwa biyu ce, ko su sayi tabarau mai tare shuɗin haske, ko su sayi ƙwayoyin bitamin na ido. Duka biyun suna cin kuɗi, kuma ba ɗayansu da ke taɓa tushen matsalar. Wannan gajiyar daga wurare biyu take fitowa, wata ƙaramar tsoka da ke cikin ido da kuma hawayen da ke lulluɓe da shi. Abinci yana da nasa aikin, babba ma a ƙasarmu, amma wani aiki ne dabam.

Tsokar da ba ta samun hutu

A bayan baƙin ido akwai wani ɗan madubi mai taushi, garai-garai, wanda wata tsoka mai siffar zobe ke kewaye da shi. In mutum yana kallon nesa, tsokar a sake take. In ya kawo abu kusa da fuskarsa, sai ta takure domin madubin ya ƙara kauri, hoton ya faɗa daidai kan tantanin bayan ido. Masu gwajin ido suna auna wannan ƙoƙari da ma'aunin da ake kira dayopta, kuma lissafinsa mai sauƙi ne: a raba 1 da nisan abin a mita. Abin da ke nisan mita 6 kusan ba ya neman komai. Allon kwamfuta a santimita 60 yana neman ƙasa da dayopta 2. Salula a santimita 40 tana neman 2.5. In aka kawo ta santimita 25, yadda mai kwance a gado ke yi, ta koma 4. A lokaci guda kuma tsokokin wajen ido suna jan idanun biyu zuwa wajen hanci don kada rubutu ya rabu biyu. Awa uku a haka ba tare da ɗaga kai ba daidai yake da mutum ya riƙe bokitin ruwa da miƙaƙƙen hannu: nauyin bai ƙaru ba, daɗewar ce ke gajiyarwa.

Shekaru suna shiga cikin lissafin. Yaro ɗan shekara 10 yana da ƙarfin da ya wuce dayopta 12. Ɗan shekara 40 yana da wajen 5, ɗan 50 kuwa wajen 2, saboda madubin yana ƙara tauri da girma. Ido kuma ba ya jure aiki mai tsawo cikin jin daɗi sai in yana amfani da wajen rabin ƙarfinsa. Shi ya sa magidanci ɗan shekara 43 da bai taɓa ciwon ido ba zai wayi gari yana nesanta salula da fuskarsa kafin ya karanta saƙo. Wannan ba lalacewa ba ce da salula ta yi masa, kowa ya kai shekarun sai ya same shi. Maganinsa tabarau na karatu: yawanci +1.00 tsakanin shekara 40 da 45, +1.50 zuwa 50, +2.00 zuwa 55, sannan +2.50 daga nan. Waɗannan lambobi kintace ne. Wanda ake sayarwa a tebur yana yi wa wasu aiki, amma madubansa biyu ƙarfinsu ɗaya, alhali idanun mutane da yawa ba ƙarfinsu ɗaya ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne zaɓar mai ƙarfi fiye da kima don rubutu ya yi girma, sai a koma dole a manna abin karatu da fuska. Wanda ya dace da salula a santimita 35 kuma ya yi wa allon kwamfuta a santimita 65 ƙarfi, har mutum ya riƙa sunkuyowa gaba, wuya ya ɗauki ciwo.

Akwai kuma samarin da ke ganin nesa tar, suna cin gwajin allon haruffa, amma idonsu yana da ɓoyayyar matsala: ko ƙwayar idon ta ɗan gajarta, don haka tsokar tana aiki ko da ana kallon nesa, ko kuma gaban idon bai lanƙwasa daidai ta kowane ɓangare ba. Irin waɗannan su ne minti 30 na karatu ke sa wa ciwon kai. Ba abincin da zai gyara siffar ido. Sai an gwada, an yanka musu tabarau daidai su.

Hawaye da iskar Damagaram

A nan ne garinmu ya fi wasu wurare wahala. Gaban ido a kullum yana lulluɓe da wani siririn shimfiɗin hawaye mai hawa uku: majina-majina a ƙasa da ke manna shi da ido, ruwa a tsakiya, sai maiƙo a sama da ke hana ruwan bushewa. Maiƙon yana fitowa daga wasu ƙananan ƙofofi da ke jere a bakin fatar ido, bayan gashin ido kaɗan, wajen 20 zuwa 40 a kowace fata. Duk ƙiftawa ɗaya tana matso maiƙon, ta kuma sake shimfiɗa hawayen.

Mutum yana hira yana ƙifta ido wajen sau 15 a minti ɗaya. In ya ƙura wa allo ido, adadin yana sauka zuwa 5 ko 7. Ƙari a kan haka, da yawa daga cikin ƙiftawar ba ta cika ba: fatar sama ta sauko rabi ta koma, ƙasan idon ya zauna a bushe. Da shimfiɗin ya tsage, jijiyoyin gaban ido suna fitowa fili ga iska, daga nan yaji da jin tsakuwa suke zuwa. Gani ma yana dishewa, ya washe in an ƙifta, ya sake dishewa. Wannan alama ce mai amfani ƙwarai: dishi-dishin da ƙiftawa ke gyarawa na bushewa ne, wanda ba ta gyarawa ba yana neman gwaji.

Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana shigowa a bushe da ƙura, danshin iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100. Daga Afrilu zuwa Mayu zafi yana wuce digiri 40, kowa ya juyo fanka tana hura masa fuska, masu ofis su kunna na'urar sanyi wadda ita ma ke tsotse danshin ɗaki. Ɗan kabu-kabu ya yini iska da ƙura suna dukan idonsa, da dare ya ɗora kallon bidiyo a kai. Uwargida ta sha hayaƙin itace a madafa, ta dawo kan salula. Idon da ya riga ya bushe tun rana shi ake ba aikin allo da dare.

Wani abin da ke ruɗa mutane shi ne idon da ya bushe yana iya zubar da hawaye. Sai mutum ya ce ai nawa ruwa yake yi, ta yaya za a ce bushewa ce? Hawayen da ke zubowa na gaggawa ne, irin na yankan albasa, ruwa zalla ba maiƙo, yana gangarowa kumatu bai tsaya kan ido ba.

Kwalli ma yana da hannu, musamman ga mata. In aka ja shi a cikin bakin fatar ido, kan ƙofofin maiƙon nan yake kwanciya ya toshe su. Kwallin dutse na gargajiya kuma yawanci yana ɗauke da dalma, wadda guba ce ga ƙwaƙwalwar yara, don haka bai kamata a sa wa jarirai ba. Wasu magungunan mura da na ƙaiƙayi masu sa barci suna rage hawaye, haka ma tsufa, musamman ga mata bayan ɗaukewar al'ada.

Maganar shuɗin haske ba ta buƙatar dogon bayani. Wanda allo ke fitarwa ƙanƙane ne ƙwarai in aka gwada da wanda ranar Damagaram ke zubowa da hantsi. A 2023 cibiyar Cochrane, mai tantance sakamakon binciken likitanci, ta tattara gwaje-gwaje 17 kan tabarau masu tare shi, ba ta ga alamar suna rage gajiyar ido fiye da tabarau na yau da kullum ba. Ƙungiyar likitocin ido ta Amurka ma ba ta ba da shawarar sayensu. Inda hasken allo yake da tasiri shi ne barci: haske da dare yana jinkirta sinadarin melatonin da ke kawo gyangyaɗi, kuma idon da bai samu barci ba da safe ja yake tashi. Abin da ya fi damun ido shi ne bambancin haske. In kuran ya ɗauke, ɗaki ya yi duhu ƙirin, mutum ya ci gaba da kallon allo mai walƙiya, ko kuma ya tsaya a rana yana ƙanƙance ido don ya ga rubutu.

Gyaran da ba ya cin ko dala

A fara da nisa. Salula ta kasance aƙalla santimita 40 daga ido, wato wajen tsawon hannu daga gwiwa zuwa ƙarshen yatsu. In ba a ganin rubutu daga nan, a shiga saitin waya a ƙara girman haruffa, kada a matso da ita. Allon kwamfuta ya kasance santimita 50 zuwa 70, saman allon daidai da ido ko ƙasa kaɗan. Dalilin wannan a bayyane yake: mai kallon ƙasa fatar idonsa tana rufe sashe mai yawa na idon, hawaye ba ya saurin bushewa, mai ɗaga kai kuwa idonsa a wangale yake. Masu shagon da suka ɗora allo a kan dogon kanta suna zaune a ƙaramar kujera su ɗaga kujerar ko su sauke allon. Taga ta kasance a gefe, ba a gaba ba, ba a baya ba, don kada haske ya dawo daga allon. Hasken allo kuma a daidaita shi da na ɗaki. Gwajin mai sauƙi ne: a riƙe farar takarda kusa da allon, in allon ya fi ta haske sosai a rage. In babu kuran, a kunna ƴar fitilar caji ta haska bango.

Sai hutu. Ƙa'idar da likitocin ido ke koyarwa ita ce duk minti 20 a ɗaga kai a kalli abu mai nisan mita 6 ko fiye na daƙiƙa 20: bishiyar ƙofar gida, ƙarshen titi, hasumiyar masallaci. Wuri ɗaya mutane ke ɓata ta, su bar kwamfuta su ɗauki salula suna cewa suna hutawa, alhali sun ƙara wa tsokar aiki ne. A cikin daƙiƙa 20 ɗin a yi cikakkiyar ƙiftawa sau 10: a rufe ido a hankali har fatun su haɗu, a ɗan matse, a buɗe. Bayan kowace awa biyu a tashi tsaye na minti 10 zuwa 15. Lokutan salla suna taimakawa a nan, amma tsakanin safiya da azahar tazarar ta yi tsawo, sai an sa wani hutun a tsakiya. Fanka kuma a juya ta ta bugi jiki ko bango, ban da fuska. Mai hawa babur ya sa tabarau mai rufe gefe.

In bakin fatar ido ya yi ja ko yana tara ɓawo, ƙofofin maiƙo sun toshe ke nan. A jiƙa tsumma mai tsabta a ruwan ɗumi wanda bayan hannu ke iya jurewa, a ɗora kan ido a rufe na minti 5 zuwa 10, ana sake jiƙawa in ya huce, don maiƙon da ya daskare ba ya narkewa da ɗumin minti ɗaya. Daga nan a murza fatar a hankali da yatsa zuwa wajen gashin ido, ta sama zuwa ƙasa, ta ƙasa zuwa sama, a goge. Sau ɗaya ko biyu a rana, kuma sai an yi makonni kafin a ga canji. Kowa da tsummansa.

Maganin ɗigawa shi ne wurin da ɓarna ta fi yawa. Wanda ya dace da bushewa shi ne hawayen roba na farmasi, masu ɗauke da hypromellose ko carboxymethylcellulose ko carbomer. Ɗigo ɗaya ya isa, ido ba ya riƙe na biyu. A wanke hannu, a ja fatar ƙasa, a ɗiga ba tare da bakin kwalbar ya taɓa ido ba, a rufe ido minti ɗaya ana danne lungunsa na wajen hanci. Dannewar tana tsare hanyar da maganin ke bi ya sauka maƙogwaro, abin da masu azumi ke damuwa da shi. Na kwalba yana da sinadarin hana lalacewa wanda shi kansa yana ɓata gaban ido in ya yi yawa, don haka mai buƙatar fiye da sau 4 a rana ya nemi na ƴan ƙananan robobi da ake amfani da su sau ɗaya. Kwalbar da aka buɗe a yar da ita bayan kwana 28. Ruwan gishiri na farmasi yana wanke ƙura, amma ba ya daɗewa a ido.

Iri biyu ne ya kamata a guje musu. Na farko masu sa ido ya yi fari nan take, irin naphazoline: suna tsuke jijiyoyin jini, in ƙarfinsu ya ƙare jan ya dawo fiye da da. Na biyu, kuma mafi haɗari, masu ɗauke da dexamethasone ko betamethasone, waɗanda ake samu har a tiren masu tallar magani. Daɗinsu shi ne tarkonsu, don suna kashe ƙaiƙayi da ja cikin kwana ɗaya. Amma in aka yi makonni ana sa su, suna iya ɗaga matsin cikin ido har jijiyar gani ta mutu, suna kawo yanar ido, kuma in akwai miki a baƙin ido suna faɗaɗa shi. Ganin da aka rasa saboda mutuwar jijiyar gani ba ya dawowa. Duk kwalbar da aka ga ɗayan sunayen nan a jikinta, sai da takardar likitan ido. Ruwan sukari, nonon uwa, ruwan albasa, ruwan ganye, babu wanda ya cancanci shiga ido.

Abin da abinci ke yi

Bitamin A ne kan gaba, kuma a ƙasarmu maganarsa ba ta talla ba ce. Aiki biyu yake yi wa ido. Da shi tantanin bayan ido ke ƙera sinadarin da ke sa a gani cikin ƙarancin haske, shi ya sa alamar farko ta rashinsa ita ce dundumi: yaro ko mai ciki su kasa gane hanya da almuru. Shi ne kuma ke riƙe ƙwayoyin da ke yin majinar ƙasan hawaye. In ya yi ƙaranci farin ido yana bushewa, wani tabo mai kumfa-kumfa ya fito a gefe, in abin ya yi tsanani baƙin idon ya yi laushi ya ɓule cikin ƴan kwanaki, ya bar hakiya. Yaran da ƙyanda ko zawo ko tamowa suka kama su ne suka fi shiga wannan haɗari. Saboda haka ne ake ɗiga wa yara bitamin A a baki duk wata 4 zuwa 6: shuɗin ƙwanso mai awo 100,000 (awon IU da ake rubutawa a jikin magani, ba maikurogiram ba) ga ƴan wata 6 zuwa 11, jan ƙwanso mai awo 200,000 ga ƴan wata 12 zuwa 59. Uwar da ta kai ɗanta wannan ta yi wa idonsa abin da ya fi duk wani tabarau.

Babban namiji yana buƙatar maikurogiram 900 a rana, mace 700, mai shayarwa 1,300. Hanta ta fi komai: giram 85 na soyayyar hantar sa yana da sama da 6,000, wato na kusan mako guda, kuma jiki yana ajiye shi a tasa hantar. Tsinken tsiren hanta ɗaya ko biyu a mako ya wadatar. Wannan ƙarfin nata kuma shi ne abin kiyayewa: bitamin A irin na dabba yana taruwa a jiki, iyakar da aka sa wa babba ita ce 3,000 a rana, kuma yawansa a farkon ciki yana iya cutar da halittar jariri. Mai ciki kada ta mai da hanta abincin kullum, kada kuma ta sha jan ƙwanson yara. Ƙwai ɗaya yana da wajen 75. Nono mai maiƙo da man shanu suna ƙarawa.

Daga tsirrai kuwa jiki yana samun beta-karotin, launin da ke cikin karas da ganye, ya juya shi da kansa zuwa bitamin A gwargwadon buƙata, don haka babu fargabar yawa. Giram 100 na ɗanyen karas yana ba da kusan abin da babba ke nema a rana. Sai kabewa, dankali mai ruwan lemu a ciki (farin ba shi da komai na kirki ta wannan fanni), mangwaro nunanne, gwanda, manja, da ganyaye masu duhun kore: zogale, alayyafo, rama, yakuwa, lalo, tafasa, ganyen wake. Lambunan Mirya da na Gidimuni suna cika kasuwa da karas da ganye a lokacin sanyi, mangwaro ya karɓa da bazara, damina ta kawo ganyen daji. Shekara ba ta da watan da babu ɗaya daga ciki.

Matsalar tana wajen sarrafawa. Karotin ba ya shiga jini sosai sai da maiƙo, don haka karas da aka gwaguya shi kaɗai ba ya ba da abin da dafaffe cikin miya mai mai ke bayarwa. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan mai haɗi ne da ya yi daidai, ƙaramin cokali ɗaya na mai a kwano ya isa. Ganyen da aka shanya a rana tsaka yana rasa kaso mai yawa, wanda aka shanya a inuwa yana riƙewa, kuma launi ne shaida: garin kuka ko zogale da ya koma toka-toka ya yi asara, mai kore shar shi ake nema. Manjan da aka soya har ya yi fari ya zubar da abin da ake so a cikinsa. Man girki mai tambarin ENRICHI an ƙara masa bitamin A, amma haske yana kashe shi, don haka wanda aka ɗura a farar kwalba ya yini a rana kan tebur ba kamar na rufaffen galan ba ne. A gida a ajiye shi a inuwa, a rufe.

Akwai wasu launuka biyu, lutin da ziyazantin, da ke taruwa a tsakiyar tantanin bayan ido, daidai wurin da ake karatu da shi. Ana samunsu a ganyayen nan dai, da gwaiduwar ƙwai, da masara mai ruwan ɗorawa. Da sunansu ake tallar yawancin ƙwayoyin ido masu tsada, don haka yana da kyau a san asalin maganar. Cibiyar binciken ido ta gwamnatin Amurka ta yi manyan gwaje-gwaje biyu, AREDS da aka fitar a 2001 da AREDS2 a 2013. Haɗin da suka tsaya a kai shi ne miligiram 500 na bitamin C, awo 400 na bitamin E, miligiram 80 na zinki, 2 na tagulla, 10 na lutin da 2 na ziyazantin. An ga irin wannan haɗin yana rage ci gaban wata cutar tsufa ta tsakiyar tantanin ido da wajen kashi 25 cikin 100, amma ga tsofaffin da cutar ta riga ta kama zuwa matsakaicin mataki. Bai hana ta kama mai lafiya ba, kuma ba a kan gajiyar allo aka gwada shi ba. An ma cire ƙwayar beta-karotin daga haɗin farko saboda tana ƙara haɗarin kansar huhu ga masu shan taba. Saurayi ɗan shekara 25 da idonsa ke yaji saboda TikTok ba shi cikin mutanen da aka yi wa wannan haɗi.

Man kifi mai omega-3 ma an daɗe ana cewa yana maganin bushewar ido. A 2018 wani gwaji da aka yi a Amurka mai suna DREAM ya ba mutum 535 ko dai miligiram 3,000 na omega-3 a rana ko man zaitun har shekara guda, kuma bambancin da aka gani tsakaninsu bai taka kara ya karya ba. Cin kifi sau biyu a mako, ko sardin na gwangwani ne, yana da amfani ga jiki gaba ɗaya, amma kada a sayi ƙwanson da tsammanin zai maye gurbin ƙiftawa. Zinki yana taimaka wa bitamin A ya fita daga hanta ya isa ido, kuma nama, wake, gyaɗa da riɗi suna da shi. Bitamin C yana cikin gwaba, lemu, tattasai, tumatir da garin ƴaƴan kuka. Ruwan sha kuwa, wanda ya yini da ƙishi a watan Afrilu hawayensa yana raguwa, amma wanda ya riga ya ƙoshi ba zai ƙara hawaye da ƙarin kofi biyar ba. Fitsari mai haske shi ne ma'auni.

Yara suna da tasu maganar. Idon yaro yana kan girma, kuma yawan kallon kusa tare da zaman ɗaki yana sa ƙwayar idon ta yi tsawo, ya daina ganin allon lakkol daga bayan aji. Abin da aka tabbatar yana rage faruwar haka shi ne wajen awa 2 a waje kowace rana, ko a inuwar bishiya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara 2 gaban allo, ƴan shekara 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa ɗaya a rana.

Lokacin da ba gajiya ba ce

Gajiyar allo tana kama ido biyu, tana ƙaruwa da yamma, tana sauka da hutu da barci, kuma ba ta makantarwa. Abin da ya saɓa wannan siffa wani abu ne dabam. Gani ya ragu farat ɗaya, ko a ido ɗaya. Ciwo mai tsanani da jan ido da amai, ana ganin zobba masu launi kewaye da fitila. Walƙiya ko baƙin labule da ke saukowa ta gefen gani. Abu ɗaya ya zama biyu. Farin ɗigo a kan baƙin ido. Duk waɗannan na zuwa sashen ido na babban asibitin Damagaram ne a ranar, ba a jira kasuwa ta ci.

Jin tsakuwa a ido a yankinmu yana iya zama amodari, wanda ya daɗe yana addabar ƙauyukan Matamai, Magarya da Mirya. In ya tsufa yana tanƙwara fatar ido, gashin ya juya ciki yana gogar baƙin ido a kowace ƙiftawa. A sa wani ya duba da fitila daga gefe. In gashi na taɓa ido, tsigewa ba ta wadatar, ƙaramin aiki ake yi wa fatar. Mai ciwon sukari da ganinsa ke canzawa daga rana zuwa rana ya auna sukarinsa kafin ya yanki tabarau, kuma a duba masa bayan ido sau ɗaya a shekara ko da yana gani lafiya.

Ciwon jijiyar gani da ake kira gilakoma, wanda hawan matsin ido kan kawo, ya fi kama baƙar fata, ya fi kuma saurin farawa a cikinmu. Ba ya ciwo, ba ya ja, gefen gani yake fara ci, har mutum ya daɗe yana ɗora laifin a kan salula. Duk wanda ya kai shekara 40 kuma zai je neman tabarau na karatu, ya roƙi a auna masa matsin ido, wanda a yawancin mutane yana tsakanin 10 da 21, a kuma leƙa jijiyar gani, don akwai masu cutar da matsinsu bai wuce 21 ba. Wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa ya makance ido garau ya fara wannan gwaji tun kafin 40, ya kuma faɗa wa mai gwajin tarihin gidansu.